Zabuwa a Kan Hular Kwano

Shekarun da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika da baƙi da babura, ni kuma ina da 'yar rumfa ta tsohon kwano a bayan masu gyaran jikin mota, ba nisa da tasha. Aikina fenti. Ba na gida ba, wannan na masu hawa tsani ne. Ni zane nake yi a jikin duk abin da aka ajiye a gabana: tankin babur, akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana, garwar mai ruwa, tiren talla da tsatsa ta fara ci, har ƙofar mushen mota da wani mai shayi ya tsinto ya ce in mayar masa allon shago. Fentin ma ragowa ne. In maƙwabtana sun gama da gwangwani sai in bi in kankare gindinsa, in tsinka da fetur, ya kai ni kwanaki. Burushina gashin wutsiyar akuya ne da nake ɗaurewa a tsinke, kuma har gobe ina nan a kan bakana, na kanti bai fi shi jan layi ba.

Gara in faɗa tun yanzu, ina da zuciya. Matata takan ce da fenti yana da ƙafa da tuni ya bar min rumfar. Ban taɓa dukan kowa ba, amma na kori masu kawo aiki ba iyaka, yawanci kuma a kan magana ɗaya: mutum ya zo ya ce in yi masa irin na wane. Nan take kaina yake ɗaukar zafi.

Dalili kuwa, tsohon da ya koya min aikin, wanda jikin manyan motocin katako yake zanawa, doka ɗaya ya bar min. Zanen da ka yi wa mutum ya zama nasa, ba ka ƙara yi wa wani. Yakan ce a hanya ba fuskar direba ake gani ba, zanen ake gani. Matar direba a ƙauye in ta hango zakin da ke goshin motar mijinta sai ta ɗora tukunya. In ka ba mutum biyu zaki ɗaya, to kai ka sa ta ɗora tukunya a banza. Na riƙe wannan doka gam, har ina fahari da ita a gaban masu fentin da ke buga zane ɗaya a babur goma.

A lokacin ba kowa ke sa hular kwano ba. 'Yan acaɓa ko kyauta ka ba su a madubi za su rataye ta. Masu sa ta su ne ma'aikatan da ofis ya ba babur ya haɗa musu da ita, malaman gona da malaman dabbobi da masu allurar rigakafi, kuma duk farare ne iri ɗaya, ba ka gane kowa sai ya cire. Shi ya sa suka fara kawo min.

Cikinsu akwai wani malamin gona, ɗan Mumuye daga Iware, dogo, mai dariya da dukan jikinsa. Ranar da ya fara zuwa ya dire hular a kan gangar da nake aiki a kai, ya ce shi ya gaji da yawo da kai kamar dafaffen ƙwai, in yi masa zabuwa. Na dube shi sama da ƙasa. Na ce mutane zaki suke nema, ko mikiya, ko damisa, kai da tsawonka ka rasa abin ɗauka a ka sai zabuwa? Ya yi dariya har da dukan cinya, sannan ya gaya min dalili. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa ce ta riƙe shi, kuma da zabi ta yi masa karatu. Takan sa wa kaza ƙwan zabin ta ƙyanƙyashe, ta raine su, ta dafa ƙwan damina ta zauna bakin hanya. Ya ce duk rigar makarantar da ya taɓa sawa, zabuwa ce ta saya masa. Daga nan na daina tsokanarsa.

Na yi wa hular nan aikin da ban taɓa yi wa wata ba. Na goge farin, na shafe ta duka da toka-toka mai duhu, sannan na ɗauki tsinken ashana na bi ta da farin ɗigo ɗaya bayan ɗaya, kamar gashin zabo, har wuyana ya ƙage. A gefe na bar fili na zana tsuntsuwar kanta, da ɗan jan lebatunta da ƙahon kanta, ƙafa ɗaya a ɗage, yadda suke yi in sun ji motsi za su zura. Limamin unguwarmu a Abbare ya sha yi min nasiha a kan zanen abu mai rai, nakan sunkuyar da kai in ce Allah ya shirye mu, amma ranar da na gama wannan zabuwa, Allah ya gafarta min, daɗi kawai na ji.

Bayan nan duk lokacin da ya shigo gari sai ya biyo ta rumfata. Shi ya ba ni labarin yadda tsohuwar take yi. Tana zama gindin wani mangwaro a bakin kwalta, da tiren gyaɗa da ƙwan zabi. Akwai kwanar da hanya ta yi kafin a iso wurinta, to da ya karyo kwanar take hango ɗige-ɗigen nan, kafin ya kashe babur ta miƙe ta fara ɓare masa ƙwai. Ya ce da can sai ya cire hula take gane shi, yanzu kuwa ko kare bai riga ta ba.

Sai wata rana ya zo min da abokinsa, wani malamin dabbobi, Bafulatani siriri, irin mutanen da sai ka matsa kusa kake jin gaisuwarsu. Tare suka yi makaranta, tare suke cin abinci, kuma hanya ɗaya suke bi, don shi abokin duk ranar kasuwar shanu yana Iware yana duba dabbobi. Malamin gona ya ajiye farar hular abokin ya ce in yi masa irin tasa sak.

Na tashi kamar zan tashi da rumfar. Na ce su kwashe tarkacensu, nan ba inji ba ne. Abokin ya ɗauki hularsa cikin kunya zai fita, shi kuwa gogan ko gezau, ya samu wuri ya zauna yana ɓare gyaɗa. Ya yi ta zarya kwana da kwanaki, in ƙi, ya dawo, har ya zame min ƙarfen ƙafa. Ranar ƙarshe ya kama ni da bakina.

“Mai fenti, kai ka ce zanen nawa ne, ko ba kai ka faɗa ba?”

Na ce ni na faɗa.

“To abin da yake nawa na ba ɗan'uwana. Ina naka a ciki?”

Na zage shi, na ce baƙin mai wayo kawai, sannan na karɓi hular. Na yi ta kamar ta farko, launi ɗaya, ɗigo ɗaya. Abu guda na sauya ban gaya wa kowa ba: zabuwar abokin na tsayar da ƙafafunta biyu a ƙasa. Da wannan na lallashi kaina cewa ban karya dokar tsohon maigidana ba, alhali na san ƙafar zabuwa ba abin da za a gani daga nesa ba ne. Su kansu ba su lura ba. Suka fita tare suna ƙyalli kamar tagwaye, mutanen tasha suna yi musu tafi.

Damina ta zagayo, malamin gona ya kwanta zazzaɓi. Ba a ɗauke shi da zafi ba sai da ya daina gane mutane, aka kawo shi asibiti a nan gari, bai fito ba. Na je Iware ta'aziyya cikin jama'a, na tsuguna na gaida tsohuwar tare da wasu, ba ta san ni ba, ban kuma ce ni wane ne ba. 'Yar ƙaramar mace ce, ta ɗaura baƙin ɗankwali, idonta a bushe. Babur da hular kuwa kayan ofis ne, aka zo aka tafi da su. Na yi kewarsa ƙwarai, don tun da ya tafi ba wanda ya ƙara iya mayar min da magana a rumfar nan.

Ana cikin daminar na sake komawa Iware, wannan karon neman murafan ganga wurin wani mai tara tsofaffin ƙarafa. Ranar kasuwa ce. Na gama ciniki na zauna wurin wani mai rake a bakin hanya ina jiran mota, sai na lura ashe tsallaken kwalta gindin mangwaron nan ne, ga tsohuwar zaune da tirenta. Ina tunanin ko in tsallaka in gaishe ta sai na ji ƙarar babur daga wajen Jalingo. Na waiga. Hular nan mai ɗige-ɗige ta karyo kwana.

Wallahi ni da na yi zanen da hannuna, ni da na san mutumin yana ƙasa, sai da gabana ya faɗi.

Tsohuwar ta dafa gwiwa ta miƙe. Gyaɗar da ke cinyarta ta zube ba ta duba ba. Ta tako har bakin kwalta ta tsaya, hannu ɗaya a goshi. Babur ya rage gudu, mai shi ya ɗaga mata hannu, ya wuce ya shiga wajen kasuwar shanu. Ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta koma ta zauna tana tsince gyaɗarta ɗaya-ɗaya daga ƙasa.

Mai rake ya girgiza kai ya ce haka take yi duk ranar kasuwa tun da ɗanta ya mutu. Ya ce mutanen gari suna ganin tsohuwa ta fara ruɗewa, tana zaton yaron ne yake dawowa. Sannan ya tofar da ɓawon rake ya ce shi dai wanda ya yi wa mutum biyu hula iri ɗaya bai ji tsoron Allah ba. Bai san da wa yake magana ba. Ni da ba a taɓa gaya min baƙar magana na haɗiye ba, ranar na haɗiye, na ɗauki murafan gangata na shiga motar farko da ta tsaya.

Na dawo gida. Aka kawo tuwo na ture. Abin da nake gani kawai matar direban nan ta tsohon maigidana, ta ɗora tukunya a banza, sai dai tawa ta fi muni, don ita wannan wanda take ɗora wa tukunyar ba zai zo ba har abada. Kuma duk mako ni nake tashinta daga zaune, da tsinken ashanata. Da matata ta matsa na gaya mata. Ta ce in koma in zauna da tsohuwar in ji ta bakinta. Na daka mata tsawa, na ce in je in ce mata me, in ce ga ni, ni ne na mayar da ke abin kallo? Ɓarna ce na yi, na kuma san inda zan gyara ta. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ɗauke kwanon.

Washegari da safe na nemi malamin dabbobi. Na same shi a ƙofar gidan da yake haya a hanyar Kona yana goge babur, hular tana rataye a madubi. Ko gaisawa ba mu gama ba na hau shi da faɗa. Na ce ba ya da imani ne, yana ganin abin da ke faruwa da uwar amininsa yana ci gaba da wucewa ta gabanta da wannan abu a ka? Ya bar ni na zazzage duka. Da na tsaya shan iska ya ce, a hankali, shi ma abin yana cinsa. Ya ce farkon rasuwar ya ajiye hular a gida, sai ya ga kamar ya yar da abokinsa ne, ya sake ɗauka. Tsayawa wurinta kuwa ba ya iyawa, in ya tsaya bakinsa ba ya buɗuwa, shi ya sa yake ɗaga hannu kawai.

“Malam, ni ban sani ba ko ciwo take ji ko daɗi,” in ji shi. “Ka bari mana. Bayan damina za a mayar da ni tsaunin Mambila, abin zai ƙare da kansa.”

Na ce ko kasuwa ɗaya ba za a ƙara ba. Daɗin me uwa za ta ji a ga mamacinta yana wuce ta a kan babur? Na zare hular daga madubi da hannuna. Bai hana ni ba, irinsu ba sa kokawa a kan kaya. Ya dai tsaya da tsumma a hannu yana kallona har na sha kwana.

Na kai ta rumfa na sa takardar goge ƙarfe na dirje ta. Ɗige-ɗigen da suka ƙage min wuya suka zama gari a kan cinyata. Da na zo kan tsuntsuwar hannuna ya ɗan tsaya, sai na tuna gyaɗar nan a ƙasa, na danne na goge ta har farin asali ya fito. Na shafe hular da shuɗi, ragowar na wata motar haya, ba zane ba komai. Da ya zo karɓa ya juya ta a hannu ya ce useko, wato na gode da harshensu, ya tafi. Ni kuwa na koma gida na ci tuwo har da ƙari, na ce wa matata na sauke nauyi.

Ruwa ya ɗauke, aka fara cire gyaɗa. Wata rana da hantsi ina zana fure a akwatin wata amarya sai na ji ana tambayar maƙwabtana ina mai fentin zabuwa. Na ɗaga kai na ga tsohuwar, tare da 'yarta, wata babbar mace mai goyo, ƙanwar marigayin. Na miƙe da sauri na kakkaɓe wata 'yar kujera na ce Mama ga wuri. Ta zauna, 'yar ta sauke ƙullin sabuwar gyaɗa a gabana ta ce tsaraba ce. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya karo na biyu, wannan karon da fuskata.

'Yar ce ta fara bayani, don Hausar tsohuwar gajeriya ce. Ta ce tun tsakiyar damina Mama ta daina ganin hular abokin yayansu. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba shi. Masu babura da huluna shuɗi da fari suna ta wucewa, wasu ma suna ɗaga hannu, amma wa ya san su? Har ta sa a ranta shi ma ya mutu ana ɓoye mata. Ta daina cin abincin kirki, ta sa aka yi masa addu'a a cocinsu. Sai a makon da ya wuce wani mai shuɗiyar hula ya tsaya a gindin mangwaro ya cire, ashe shi ne, ya zo sallama zai tafi Mambila. Ta tambaye shi ina zabuwa, ya ce mai fenti ya goge. Shi ne ta ce sai an kawo ta ta ga mai fentin.

Tsohuwar ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

“Ɗana, me zabuwa ya yi maka?”

Na fara kame-kame. Na ce Mama na gan ki ne ranar kasuwa kin miƙe, na ji mutane suna cewa kina zaton shi ne, na ga ni na jawo, shi ne na ce bari in raba ki da wahala. Ina magana ina jin yadda maganar take fita ba nauyi.

Ta bari na gama, sannan ta ce ita ba ta haukace ba. Ta ce tana tsaye aka sa ɗanta a rami, ita ta fara zuba ƙasa. Ta ɗaga yatsa ɗaya.

“Na ɗana, ƙafa ɗaya a sama. Na abokinsa, biyu a ƙasa. Tun ranar da suka zo tare na gani.”

Abin da masu hular ba su gani ba, abin da duk tasha ba ta gani ba, ita da ta yi rayuwarta cikin zabi kallo ɗaya ta yi masa. Na ce to Mama, in kin san ba shi ba ne, me ya sa kike tashi?

Ta yi magana da harshensu, ta dawo Hausa, ta sake komawa, 'yar tana cike mata. Abin da ta ce shi ne, daga kwanar hanya zuwa gindin mangwaro ba a ganin ƙafa, ɗige-ɗige kawai ake gani. A wannan ɗan tsakanin takan bar ranta ya ce ga shi nan. Ta san ƙarya ne, ita ta ba kanta izini. In ya matso ta ga ƙafa biyu a ƙasa sai ta ce to, abokinsa ne, Allah ya kiyaye masa hanya, ta koma ta zauna. Ta ce da wannan ɗan tsakanin take kaiwa wata kasuwar.

“Shi kaɗai ya rage min,” in ji ta. “Ban roƙi kowa ba. Yana zuwa da kansa.”

Ban san lokacin da na tsuguna a gabanta ba. Na ce Mama ki yafe min. Ta ce ba komai, ta san ba mugunta ba ce, tana so ne kawai ta ji dalili, yanzu ta ji. Ta dafa gwiwa ta miƙe irin miƙewar da na gani a bakin kwalta, suka tafi neman motar Iware. Suka bar min gyaɗar. Na kai gida, matata ta tambayi daga ina, na gaya mata duka. Gyaɗar nan yara suka cinye ta, ni ko ƙwaya ban iya sawa a baki ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mutum biyu sun gaya min, matata da malamin dabbobi, kowanne da irin muryarsa, kuma tsallaka kwalta kawai ya raba ni da jin gaskiya ranar da nake zaune wurin mai rake. Na ga tsohuwa ta miƙe, na yanke mata abin da take ji, na yi fushi a madadinta, na je na ƙwace mata abinta ina jin kaina mai tausayi. Sauran kasuwannin daminar nan nata ne, ni na cinye su, kuma ba inda zan samo in biya.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na je ofishinsu neman hular marigayin, aka ce babur da hular an ba wani sabon ma'aikaci da aka tura wata ƙaramar hukuma, wanda na tambaya kuma ya ce yana jin an mayar da ita fara. Mambila kuwa ba nan kusa ba ce, kuma ko na hau dutsen na sake zana masa, ba ta Iware zai riƙa wucewa ba. Na yi tunanin in zana wata in ba wani ɗan acaɓa ya riƙa bi ta gabanta, matata ta ce in ji tsoron Allah, wancan abokin ɗanta ne, wannan kuwa wasan kwaikwayo zan shirya mata. A wannan karon na saurare ta.

Abin da na iya shi na yi. Cikin murafan gangar da na sayo a Iware ranar nan na zaɓi wanda ya fi lafiya, na buge lanƙwasarsa, na kankare tsatsar, na shafe shi da toka-toka mai duhu. Na bi shi da tsinken ashana. A tsakiya na zana zabuwar ɗanta, ƙafa ɗaya a ɗage, kuma ina jin ta fi ta farko kyau, don hannuna bai taɓa yin taka-tsantsan irin na ranar ba. Da ya bushe na naɗe shi a tsohon zanin matata na shiga mota ranar kasuwa.

Na same ta a gindin mangwaron. Ta gane ni, ta matsa min a kan tabarma. Na kwance zanin na jingina murfin a jikin itacen. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta bi bayan tsuntsuwar, ta sauko har kan ƙafar da ke ɗage ta tsaya a nan. Matan da ke talla kusa da ita suka taso suna yabawa, wata ta ce kamar ta yi kuka. Na ji ɗan sanyi ya fara shiga raina.

“Ya yi kyau, ɗana. Shi ne sak,” ta ce. “Amma wannan ba ya zuwa.”

Ta gode min, ta sa min albarka, ta jawo murfin ta rufe kwandon gyaɗarta da shi saboda rana. Ta ɓare ƙwai ɗaya cikin na ƙarshen shekara ta miƙo min da ɗan gishiri a takarda. Na karɓa na riƙe. Muna zaune sai ƙarar babur ta taso daga wajen Jalingo, ta karyo kwana. Ni na ɗaga kai na duba. Ita tana tsince ɓawon ƙwai daga zaninta, ba ta waiga ba.